Wuƙaƙen Baba Gariba

Goma sha bakwai ne, jiya na sake ƙirga su,
cikin gwangwanin biskit da fentinsa ya goge,
kowace a naɗe da ƙyallen tsohuwar jamfata.
Yaran Aboabo na cewa tsufa ya kama Baba Gariba,
ya bar gyaran agogo ya koma kiwon wuƙaƙe,
wuƙaƙen da ko wuyan ɗan tsako ba sa yankawa.

Gaskiyarsu, ba don nama aka ƙera su ba.
Baƙin ƙarfe in ya ratsa lemu sai ya ɓata rai,
ya bar wa harshe ɗanɗanon tsatsa.
Azurfa kuwa ta shiga ta fito,
ba ta ce wa abarba uffan ba.

Ran Asabar nakan hau torotoro zuwa Kejetia,
bayan masu tsoffin kwaɗuna da makullai marasa ƙofa,
inda Maame Serwaa ke baje cokula a kan buhu.
Ta san takuna. Tun daga nesa take ƙara sidi goma.
Ni ma na san nata,
sai in fara taya buta, ina satar kallon abin da na zo nema.

Maganaɗisu ne alƙalin farko:
in ya rungumi ruwan wuƙa, na ajiye, mun rabu lafiya.
In ya ƙi, sai gilashin agogo ya hau idon hagu,
in gangara gindinta inda maƙeri ya bar sawu.
Ga zaki, bai kai ƙwayar gero ba,
ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya rantse azurfa ce.
Kambi garin maƙera ne, ƙugiyar jirgi wani garin daban,
harafi guda shi ke riƙe da shekara.
Wata har da kan sarauniya, wai an biya haraji.
Ƙota ɓawon katantanwar teku,
ka juya ta a rana, bakan gizo ya leƙo ya koma.

Akwai wadda aka zana wa sunan wata mace,
haruffa uku da yatsu suka cinye rabinsu.
Ban san ta ba. Na san dai bahaguwa ce,
don gefen da ya lashe ba na kowa ba ne.

Ta sha bakwai ba saye na yi ba.
Babana Sumaila ya yi shekara ashirin da biyu
yana tsaye a kicin ɗin Baturen katako a Nhyiaeso.
Ran da Bature zai tafi, ya damƙa masa ita:
ladan amana, in ji shi, azurfa tsantsa.
Innata Lantana ta sa ta ƙasan kwalla,
ba ta fitowa sai an yi baƙon kunya.

Daren da na iya karatun hatimi, ita na fara ɗaukowa.
Na nemi zaki har fitila ta sha mai.
Babu zaki.
Haruffa huɗu ne a jere kamar 'yan sanda,
a gadon bayanta kuma, inda babban yatsan Baba ya saba zama,
wani rawaya-rawaya na leƙowa.
Ruwan azurfa aka watsa mata, shi ke nan.

Inna ta tambaye ni da safe, me gilashinka ya ce?
Na ce mata ya ce tsohuwa ce ƙwarai.
Ta yi shekara tara bayan nan, ban ƙara ko wasali ba.

Sha shidan nakan goge su da toka mai laushi,
in nuna wa mai son gani, in mayar.
Wannan kuwa a aljihu take kwana.
Bayan la'asar in zauna bakin ƙofa,
in feƙe lemu zare ɗaya, kamar yadda Baba ke yi,
jikata Rakiya na jiran ɓawon ta yi sarƙa.
Wani lokaci nakan ji ɗan ɗaci a gefen da ta yanka.
Nakan ba Rakiya ɗaya gefen.